Yadda Ake Gwada Yaran Nazare a Ziyarar Tantancewa

Sababbin masu tantancewa wuri ɗaya suke yin tuntuɓe. Su shiga aji da takarda da biro, su hau tambaya nan take, yaro ya ƙura musu ido ya yi gum, su rubuta sifili. Sai rahoto ya fito wai yaran ba su san komai ba, alhali tsoro aka auna.

Kafin ka fita, san kayan aikinka. Gwajin IDELA na ƙungiyar Save the Children an tsara shi ne don yara daga shekara 3 da rabi zuwa 6, yana duba shirin karatu, ƙidaya, motsa gaɓɓai da zama da mutane. Gwajin karatu na EGRA kuwa na 'yan firamare ne, inda ake ƙirga kalmomin da yaro ya karanta cikin minti 1. Yi wa ɗan shekara 4 wannan gwajin zalunci ne.

Da isarka, tabbatar iyaye sun amince, karɓi rajista ka zaɓi yaran da kanka, misali kowane na 3 a jeri. In ka bar wa malama, zaƙaƙuran ajin za ta turo, kuma ba laifinta ba ne, kowa na son a yaba masa.

Yanzu ga inda aikin yake. Kada ka tsaya a kan yaro; zauna ƙasa ko kan ƙaramar kujera, idonku ya daidaita. Minti 5 na farko na hira ne da harshen da yake ji a gida: sunansa, wasan da ya fi so, wa ya rako shi. Sai ya yi murmushi ko ya yi magana da kansa za ka ɗauko littafi. Ni nakan miƙa shi a juye, in ce, "Nuna mini inda za mu fara." Yaron da ya gyara littafin, ya ɗora yatsa a farkon layi, ya gaya maka abu mai yawa tun bai furta harafi ko ɗaya ba. Idan ka yi tambaya, ƙirga 5 a zuciyarka kafin ka wuce, kuma ka tsare fuskarka. Yara sun iya karanta gira fiye da allo. Ko ya dace ko ya kuskure, "Madalla, mu ci gaba" ta isa.

A ziyarata ta farko yara 6 a jere suka cinye haruffa tas, har na fara murna. Da na waiwaya, ashe malamarsu na bakin taga tana motsa leɓe. Tun ranar nake zaunar da yaro ya ba taga baya, babba ɗaya na hangenmu daga nesa amma ba ya jin tambayar.

Ka bambanta "bai sani ba" da "ya ƙi amsawa" a takardarka, ba ɗaya ba ne. In ya fara hamma ko kuka, dakata. Ba sai ka sayi kayan wasa ba, murafun kwalba 20 sun isa gwajin ƙidaya.

Da safe ake yi, kafin yunwa ta taso. Leƙa ajin ka ga ko littattafai na hannun yara ko suna kulle a kabad, sa lamba maimakon sunan yaro a takardarka, ka cike takardun kafin ka bar harabar.