Yadda za ka tantance saƙon WhatsApp kafin ka tura shi gaba

Wata safiyar Alhamis a Gusau, saƙon murya ya shigo zauren danginmu na WhatsApp. Muryar wani namiji ce, yana haki, yana rantsuwa cewa an tare hanya, kada kowa ya fito. Bai faɗi sunansa ba, bai ambaci hanyar ba, ballantana ranar da abin ya faru. Ƙanena, wanda ya riga ya ɗaure kayansa zai tafi kasuwar Shinkafi, ya kwance su, ya yi asarar cinikin mako guda. Sai da yamma muka gano cewa saƙon ya yi watanni yana yawo a wayoyin mutane.

Ban ga laifin ƙanena ba, domin a Zamfara gargaɗi na gaskiya yana iya ceton rai. Abin da yake damuna shi ne, duk lokacin da gargaɗin ƙarya ya firgita jama'a a banza, yana rage wa na gaskiya daraja, har ranar da za a faɗi gaskiya mutane su yi kunnen uwar shegu da ita.

Da zarar saƙo ya iso gare ka, nemi abu uku a cikinsa: wane ne yake magana, a wane wuri, kuma yaushe. Saƙon da ya ce "yanzu-yanzu" ba tare da rana ba, ko "a wani ƙauye" ba tare da suna ba, ya riga ya nuna rauninsa. Daga nan sai ka dubi saman saƙon. Kibiya ɗaya tana nufin wanda ya aiko maka shi ma turo masa aka yi, kibiya biyu kuwa tana nufin saƙon ya bi ta hannu aƙalla biyar kafin ya iso, shi ya sa tun 2020 WhatsApp ba ya barin a tura irinsa sai zuwa wuri ɗaya a lokaci guda.

Sai ka tambayi wanda ya aiko. Idan babba ne, akwai hanyar yin haka cikin ladabi: "Kawu, don Allah da idonku kuka gani, ko turo muku aka yi?" Sau da yawa amsar ita ce shi ma a wani zaure ya tsinta.

Matakin da ya fi kowanne amfani a wurina shi ne kiran mutumin da yake wurin. Idan an ce an tare hanyar Gusau zuwa Funtuwa, direbobin tasha da 'yan kamasho su ne suka fi kowa sani, domin idan motocin Tsafe suna shigowa kamar kullum, to magana ta ƙare. Ka tanadi lambar direba guda, da ta wani ɗan'uwa ko mai unguwa a garuruwan da kake yawan zuwa, irin su Kaura Namoda, Talata Mafara ko Anka. Ka kuma riƙe rediyo a gida da batir a cikinta. Waɗanda suka ga watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar, sun san cewa rediyo ce ta rage mana a lokacin.

Hoto da bidiyo suna buƙatar natsuwa ta musamman, saboda mun saba da cewa gani ya kori ji, alhali yawancin hotunan ƙarya na gaske ne, wuri da lokaci kawai aka sauya musu. Ka buɗe hoton a manhajar binciken hoto ta Google Lens, zai nuna maka sauran shafukan da suka taɓa wallafa shi, wani lokaci shekaru da suka wuce. Ko babu data ma, ido yana aiki. Dubi lambar mota, dubi allon shago. Idan rubutun Faransanci ne, to wataƙila daga Nijar, Mali ko Burkina Faso aka ɗauko. Idan an ce jiya aka ɗauki bidiyon, muna tsakiyar Maris, amma ga ciyawa kore shar da gero ya kai ƙugu, to damina ce ta wata shekara. Yanzu kuma fasahar ƙirƙirarriyar basira tana iya kwaikwayon muryar malami ko gwamna, don haka ka lura ko motsin baki ya dace da maganar, sannan ka nemi jawabin a shafin mutumin na ainihi. Tambarin BBC Hausa ko Aminiya a jikin hoto ba hujja ba ne, sai ka ga labarin a shafinsu. Kafofin tantance labarai na Dubawa da Africa Check ma suna wallafa binciken irin waɗannan saƙonni da Hausa.

Saƙon magani kuwa kada ka tura shi sai ma'aikacin lafiya ya tabbatar. A 2014, lokacin cutar Ebola, jita-jitar sha da wanka da ruwan gishiri ta zagaye Najeriya cikin dare ɗaya, aka kwantar da mutane a asibiti, wasu suka rasu.

Akwai lokacin da haɗari ya yi kusa, ba ka da sukunin bincike. A nan ka kira wanda abin ya shafa kai tsaye, ka gaya masa abin da ka ji, daga wa, da ƙarfe nawa, ka kuma ƙara da cewa ba ka tabbatar ba. Ka sanar da jami'an tsaro ko ka kira lambar gaggawa ta 112, maimakon watsa shi a zaure goma.

Idan kuma ka riga ka tura sannan ka gano ƙanzon kurege ne, WhatsApp yana ba ka kimanin kwana biyu ka goge saƙon daga wayar kowa. Gogewa kaɗai ba ta isa ba, domin wasu sun riga sun saurara. Ka koma zauren da ka tura shi, ka rubuta ƙarara cewa saƙon ɗazu tsoho ne, ka faɗi wanda ka kira ya tabbatar maka, sannan ka roƙi duk wanda ya tura shi gaba ya bi sawunsa da wannan gyara.