Yadda ake mayar da ma'aikaci bakin aiki ta hanyar fisiyo bayan ya ji rauni

Lafawar ciwo ba ta isa a ce ma'aikaci ya warke ba. Warkewarsa ita ce ya iya yin aikinsa daga safe har tashi, ya kwana, washegari ya sake yi ba tare da raunin ya dawo ba. A kan wannan ma'auni likitan fisiyo, wanda aka fi sani da likitan gashin ƙashi, yake ɗora duk shirinsa.

Kafin a fara komai sai likita ya duba, ya tabbatar ko akwai karaya, gocewar ƙashi ko tsinkewar jijiya. Akwai alamomin da ba a jira da su. Mai ciwon baya da fitsari ko bayan gida ya fara kuɓuce masa, ko ya daina jin taɓi a matsematsinsa, ko ƙafarsa take ƙara mutuwa, a kai shi sashen gaggawa a ranar. Haka wanda sharaɓarsa ta kumbura ta yi zafi bayan ɗori ko tiyata, domin jini na iya daskarewa a jijiya. Irin wannan ƙafa ba a yi mata tausa.

A zaman farko, bayan an auna yadda gaɓa take lanƙwashewa da ƙarfin tsoka an kwatanta da ɓangaren da yake lafiya, sai a rubuta aikin mutumin dalla-dalla. Kilo nawa yake ɗauka? Daga ƙasa ko daga kan tebur? Sau nawa a awa? Yana hawa tsani, yana durƙuso, yana ɗaga hannu sama da kai, ko zama yake yi gaban kwamfuta? A nan ake yawan sakaci, sai a yi wata biyu ana atisaye iri ɗaya ga direban babbar mota da mai walda, alhali abin da jikinsu zai fuskanta ya sha bamban.

A kwana biyu zuwa uku na farko, targaɗe da yagewar tsoka kariya suke so. A ɗaga wurin sama, a naɗe shi da bandeji ba tare da an matse ba, a ɗora ƙanƙara cikin tsumma minti 15 zuwa 20. Kada ƙanƙara ta taɓa fata kai tsaye. A guji ruwan zafi da tausa mai ƙarfi a waɗannan kwanaki, suna ƙara kumburi. Mai ciwon baya kuwa kada ya lafe a gado. Ya riƙa tashi yana ɗan tattaki a cikin gida, domin doguwar kwanciya tana sandarar da baya, tana kuma zubar da ƙarfin tsoka. Yawancin ciwon bayan da ɗaukar kaya ya jawo yana sauƙi sosai cikin mako 6.

Daga nan sai motsi. Ana farawa da lanƙwasa gaɓa da miƙe ta a hankali, sau 10, sau uku ko huɗu a yini. Kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi a tara a yi sau ɗaya da ƙarfi. Wanda aka sa wa filasta a wuyan hannu ya riƙa motsa yatsu, gwiwar hannu da kafaɗa tun filastar tana jiki, in ba haka ba ƙashi zai haɗe cikin kamar mako 6 amma a wayi gari kafaɗa ta sage. Jijiyar yatsa da aka ɗinke tana da nata tsarin: takan kai mako 12 kafin ta jure riƙo mai ƙarfi, kuma wanda ya yi gaggawa na iya tsinke ɗinkin. A wannan ba a wuce abin da likitan tiyata ya rubuta.

Ƙarfafa tsoka shi ne zuciyar aikin. Ana amfani da robar ja ko ƙarfe mara nauyi, a yi sau 8 zuwa 12, a huta, a maimaita sau biyu ko uku, kwana biyu ko uku a mako. Idan mutum ya kai 12 ba tare da wahala ba, a ɗan ƙara nauyin. Kada a ƙara nauyi da yawan maimaici lokaci guda, saboda in ciwo ya tashi ba za a san wanne ya jawo ba. Ga yadda ake gane an yi daidai: a sa mutum ya kimanta zafin daga 0 zuwa 10. In bai wuce 3 ko 4 ba, kuma ya kwanta kafin washegari, a ci gaba. In ya tashi da kumburi ko zafin ya zarce awa 24, a koma nauyin baya, amma kada a daina gaba ɗaya.

Na'urar ɗumama jiki da ta lantarki da tausa suna da daɗi, suna kuma rage zafi na ɗan lokaci. Sai dai ba sa gina tsoka. Shirin da mako huɗu suka shuɗe majinyaci yana kwance ana yi masa, shi bai yi komai da jikinsa ba, ya kamata a sake duba shi.

Mataki na ƙarshe a asibiti shi ne kwaikwayon aikin. Mai ɗaukar kaya ya ɗauki akwati daga ƙasa zuwa ƙugu, daga ƙugu zuwa kafaɗa, kayan na manne da jikinsa, yana juyawa da ƙafafu ba da murɗa baya ba, ana ƙara nauyi har a kai na ainihin aikinsa. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ta sa kilo 23 a matsayin iyakar nauyin da za a ɗaga a yanayi mafi kyau, kuma adadin yana raguwa idan kayan sun yi nesa da jiki ko ana yawan ɗauka.

Komawa aiki ba sai zafi ya ɓace gaba ɗaya ba. Gwargwadon daɗewar mutum a gida, gwargwadon wahalar komawarsa, domin tsoro da zullumi suna shiga, jiki kuma yana saki. Abin da ya fi shi ne komawa mataki-mataki: misali awa 4 a rana kan aiki mara nauyi a makon farko, awa 6 a na biyu, a riƙa ƙarawa har a cika cikin mako 4 zuwa 6. A rubuta sharuɗɗan ƙarara. "Aiki mara nauyi" kowa da fassararsa. "Kada ya ɗauki fiye da kilo 5, kada ya hau tsani" ba ya barin gardama. Shugaban sashe a wurin aikin ya karɓi takardar da hannunsa, a kuma sa ranar sake dubawa duk mako biyu.

Sannan a gyara abin da ya jawo raunin tun farko: tsayin tebur, santsin daɓe, rashin amalanken tura kaya ko ƙarancin hutu tsakanin aiki. Ma'aikacin kuma ya ci gaba da atisayensa sau biyu a mako na wasu watanni bayan sallama, saboda jijiya da tsoka suna ci gaba da ƙarfafa bayan zafi ya tafi.