Ɗan baya a ƙwallon ƙafa mai son kaiwa nesa, ga ta inda za ka fara

Ƙanena, in baya kake bugawa nan Katsina, nemi kulob mai rajista da koci na gaske, gasar unguwa kaɗai ba za ta kai ka ba. Koyi ƙwace ƙwallo a tsaye, ka iya buga ƙwallo da kai, ka riƙa ba da fas da ƙafa biyu don yanzu ba a son mai dokawa sama kawai. Je filin wasa na Karkanda ka lura da tsayuwar 'yan bayan Katsina United.

Shekarunka kuwa don Allah kar ka rage, a Golden Eaglets, tawagar Najeriya ta 'yan ƙasa da shekara 17, ana gwajin MRI, hoton ƙashi don tantance shekaru. Ta wannan tawagar ɗan baya Kenneth Omeruo ya bi a 2009, Chelsea ta ɗauke shi 2012, ya ci kofin Afirka 2013. Ejan, wato dillalin 'yan wasa, da ya fara da neman kuɗin biza rabu da shi, a dokar FIFA ma sai ka cika 18 za ka koma kulob ɗin Turai.