Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Amfani da Ƙugiyoyin Manne na Bango da Taga

Ƙugiyar rataye da ake liƙa wa bango ko gilashin taga ta samu karɓuwa ne saboda tana ba mutum damar rataye tawul, makullai, hoto ko ƙaramin agogo ba tare da ya buga ƙusa ba, kuma ranar da zai bar ɗakin sai ya cire abinsa ya tafi, bango na nan yadda ya same shi. Amma duk wanda ya jima yana amfani da ita ya san ƙarar da ake ji a tsakar dare idan ta saki, ya kuma san yadda ake wayar gari a tarar da kaya a ƙasa, ƙugiya a gefe, wani lokaci ma da ɓawon fenti manne a bayanta. Yawanci ƙugiyar ake ɗora wa laifi, a ce jabu ce ko ba ta da inganci. Jabun kam akwai su, sai dai a mafi yawan lokuta matsalar takan faro ne daga mintuna biyar na farko da aka yi ana liƙa ta.

Kuskuren da ke gaba da sauran shi ne rashin sanin wace iri ce a hannun mutum, domin kalmar "ana sake amfani da ita" da ake bugawa a jikin kwali ba abu ɗaya take nufi ba a kowane lokaci. Akwai mai zuwa da siririn manne mai ɗan harshe a ƙasa, irin ta Command da kamfanin 3M ya fito da ita a shekarun 1990. A wannan, ƙugiyar ce ake sake amfani da ita, shi kuwa mannen sau ɗaya yake aiki, da zarar an ja shi ya miƙe ya gama yayinsa, sai an sa sabo. Akwai mai danƙo garai-garai kamar roba mai laushi, wanda ake wankewa ya dawo da kamunsa. Sannan akwai mai ɗan kofin roba da ke kama gilashi ta hanyar tsotso, wadda babu manne a jikinta ko kaɗan. Mutumin da ya mayar da tsohon manne mai harshe bango, ko ya ɗauki mai tsotso ya danna ta a jikin bango mai fenti, ya riga ya faɗi tun bai rataye komai ba.

Daga nan sai maganar fuskar da za a liƙa wa. Abin da ya kamata a riƙe a rai shi ne, manne ba ya kama bango gaba ɗayansa, saman-saman abin da ya taɓa kawai yake kamawa. Idan ƙura ce a saman, ƙurar ya kama. Idan maiƙo ne, maiƙon ya kama. Idan kuma fenti ne da ya fara sakin filasta, to fentin zai riƙe da gaske, su zo ƙasa tare. Shi ya sa gogewa da busasshen tsumma ko da tafin hannu ba ta wadatarwa, hannun ma nasa maiƙon yake ƙarawa. Abin da masu yin waɗannan ƙugiyoyi suke ba da shawara shi ne a goge wurin da sifirit, musamman irin wanda ake kira aisofurofil, a bar shi ya bushe da kansa, wanda ba ya wuce minti ɗaya ko biyu. Mutane da dama, da kyakkyawar niyya, sukan ɗauko ruwan goge gilashi, ruwan sabulu ko man goge katako, alhali waɗannan suna barin wani siririn santsi da ido ba ya gani, wanda shi ne zai shiga tsakanin manne da bango. Wurin zai yi ƙyalli, ƙugiyar kuwa ba za ta kwana uku ba.

Akwai fuskokin da ko an goge su sau goma ba za su karɓi manne ba, kuma ya fi kyau a san su tun da wuri. Bulo tsirara, siminti mai kaushi, katakon da ba a kankare ba da bango mai tudu da kwari duk suna barin manne ya taɓa ƙololuwar tsakuwoyi kawai, sauran faɗinsa na lilo a iska. Fentin da ke barin fari a yatsa idan an shafa shi ma haka ne. Takardar ado ta bango kuwa matsalarta daban ce, domin mannen yakan kama ta sosai, sai dai ranar cirewa ta yage. Wasu robobi, kamar waɗanda ake yin bokiti da akwatunan ajiya da su, ba sa jituwa da manne saboda yanayin sinadarinsu, ko da sumul suke a ido. Gwaji mai sauƙi shi ne a liƙa guntun salatif a wani lungu da ba a gani, a danna, a ɗaye a hankali, a duba bayansa. Idan ya fito da gari ko ɓurɓushin fenti, a nemi wani wuri. Gilashi, tayil mai sulɓi, ƙarfe mai fenti da katako mai sheƙi su ne suka fi dacewa, kuma ko a kan tayil ɗin a kauce wa layin da ke tsakanin ɗaya da ɗaya.

Sabon fenti ya cancanci a tsaya a kansa, domin nan ne wanda ya gyara ɗaki yake ɗokin ƙawata shi yakan yi ɓarna. Fentin ruwa yakan bushe a taɓawa cikin awa ɗaya ko biyu, amma ƙanƙamewarsa ta ainihi takan ɗauki makonni. Umarnin Command ya ce a jira kwana 7 bayan fenti, ni kuwa a ganina wanda ya iya haƙurin makonni biyu ko uku bai yi asarar komai ba, musamman idan ɗakin ba ya samun iska sosai.

Sai kuskuren da kusan kowa ya taɓa yi, wato a liƙa yanzu a rataye yanzu. Irin wannan manne ba bushewa yake yi kamar gam ba; a hankali yake malala yana shiga ƙananan ramukan fuskar da ido ba ya gani, kuma abu biyu ne ke taimaka masa, dannawa da lokaci. Dannawar da ake nufi ita ce ta daƙiƙa 30 cur da ƙarfin babban yatsa, daga sama har ƙasa, ba ɗan bugun da ake yi da tafin hannu a wuce ba. A ƙugiyoyin da ke da faranti a baya, ana zare ƙugiyar sama, a danna farantin shi kaɗai, sannan a mayar da ita, domin ta haka ne ƙarfin yatsa yake isa ga mannen kai tsaye. Bayan haka a jira aƙalla awa 1. Ga manne mai kauri na akirilik, wato wani nau'in sinadarin roba, bayanin da 3M ya fitar game da tef ɗinsa mai manne a fuska biyu da ake kira VHB ya nuna cewa a ɗumin ɗaki na yau da kullum yakan kai kusan rabin ƙarfinsa bayan minti 20, kashi 90 cikin 100 bayan awa 24, sannan ya cika bayan awa 72. Saboda haka idan abin da za a rataye yana da ɗan nauyi, a liƙa da yamma a rataye washegari. Ni ma na taɓa koyon wannan da agogon bango, wanda na rataye minti biyar bayan liƙawa saboda baƙi na hanya. Ya yi kwana biyu lafiya, a na uku na tsince shi a bayan kujera gilashinsa ya tsage gida biyu, mannen kuwa tas da shi, ko alamar bango babu a jikinsa. Sauri ya haifi nawa.

Zafi da sanyi suna da hannu a nan. Mannen cikin ɗaki na Command an tsara shi ne don tsakanin digiri 10 da 40 a ma'aunin Salshiyas. Ƙasa da haka yakan sandare ya kasa malala, sama da haka kuma ya yi laushi ya fara zamewa a hankali. Don haka bangon da ke kusa da murhu, saman na'urar ɗumama ɗaki, ko jikin bangon da rana ke duka daga waje duk yini ba wuraren wannan manne ba ne.

Nauyin da aka rubuta a jikin kwali ma ana yi masa gurguwar fahimta. Adadin nan, ko kilo 1 ne ko 2 ko 3, an auna shi ne a kan fuska mai sulɓi, da kayan da ke rataye shiru suna ja ƙasa kai tsaye. Rayuwar yau da kullum ba haka take ba. Tawul ɗin da aka rataye a bushe zai dawo a jiƙe, kuma kowace lita ta ruwa kilo guda ce. Jaka takan tafi ba komai ta dawo cike, sannan ba ajiye ta ake yi a hankali ba, jefa ta ake yi. Yaro kuma idan zai ɗauki rigarsa ba ɗagawa yake yi ba, fizga yake yi. Manne yana da juriya ƙwarai ga nauyin da ke bin jikin bango zuwa ƙasa, amma yana da rauni ga abin da ke ɓamɓaro shi daga sama zuwa waje, shi ya sa ƙugiya mai dogon baki, ko kaya mai kauri da ke tsayawa nesa da bango, suke saurin kayar da shi ko da nauyinsu bai kai abin da aka rubuta ba. Gyaran shi ne a auna kayan a yanayinsu mafi nauyi, a zaɓi ƙugiyar da ta ninka wannan. Kada kuma a ɗauka cewa ƙugiyoyi biyu masu kilo 2 za su ɗauki kilo 4, domin da wuya nauyi ya rabu daidai a tsakaninsu, kuma idan ɗaya ta saki, ɗayar za ta bi ta nan take. Madubi mai nauyi, abu mai tsada ko wanda ba a iya maye gurbinsa, da duk abin da zai kasance saman kan mai barci, waɗannan ƙusa ko sukuru suke buƙata.

Taga tana da nata sha'anin. Mai tsotso tana tsayawa ne saboda an kori iskar da ke cikin kofin, iskar waje kuma tana danna shi da nauyin da ya kai kusan kilo 1 a kan kowace santimita murabba'i. Muddin bakin kofin ya rufe ruf, tana nan. Da zarar iska ta samu ƙofa, ko da ta silin gashi ɗaya ce ko ƙwayar yashi, sai ta riƙa shiga kaɗan-kaɗan har ranar da za ta faɗo ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Gilashi mai zane ko mai hazo ba ya yi mata. Kafin a danna, a wanke kofin da gilashin, a ɗan jiƙa bakin kofin da ɗigon ruwa, a danna daga tsakiya. Kuskuren da ake yi bayan nan shi ne a manta da ita, alhali tana son a sake danna ta duk bayan 'yan makonni, domin gilashin da ke zafi da rana ya huce da dare yana sassauta ta. Idan kofin ya baje ya daina komawa siffarsa, a tsoma shi cikin ruwan zafi na 'yan mintuna, a tsame, a bar shi ya bushe. Sau da yawa yakan farfaɗo, amma wanda rana ta ƙona har ya yi rawaya ya tsattsage ya gama aiki. Ga masu manne kuma, raɓar da ke kwanciya a gilashi da sanyin safiya takan hana kamu idan a lokacin aka liƙa, don haka a jira gilashin ya bushe ya ɗan yi ɗumi. Idan akwai ledar rage hasken rana a jikin gilashin, kada a liƙa komai a kanta, domin ranar cirewa za ta kumbura ko ta ɗaye. A banɗaki kuwa, inda tururi ba ya yankewa, sai a nemi mannen da aka rubuta cewa yana jure ruwa.

Cirewa ita ce inda aka fi lalata bango, kuma abin takaicin shi ne an ƙera mannen mai harshe musamman don ya fita ba tare da tabo ba. Hannu yakan so ya ja harshen zuwa wajen ƙirji, kamar yadda ake ɗaye salatif, wannan kuwa shi ne ke tsinka harshen ko ya ɓantaro fenti. Yadda ake yi shi ne a zare ƙugiyar, a tallafi farantin da hannu ɗaya ba tare da an danne shi ba, a ja harshen ƙasa yana bin jikin bango, a hankali ƙwarai. Zai yi ta miƙewa, babba yakan kai santimita 30 ko fiye, yana sirancewa yana sakin bango da kansa. Idan harshen ya tsinke, kada a sa wuƙa ko a murɗa ƙugiyar da ƙarfi. A ɗumama wurin da na'urar busar da gashi na kimanin daƙiƙa 30, a zura zare mai ƙarfi ta bayan farantin, a riƙa ja hagu da dama zuwa ƙasa har ya yanke mannen, sannan a murje ragowar da yatsa. A kan gilashi mai sanyi sosai a yi hattara da zafin, a riƙe na'urar daga nesa.

Mai danƙon da ake wankewa kuwa, da gefe ɗaya ake fara ɗaga ta a hankali. A wanke danƙon da ruwa zalla, ana murza shi da yatsa har ƙura ta fita, a ajiye shi yana kallon sama ya sha iska. Goge shi da tawul ko takarda yana cika shi da zare, ya koma inda aka fito. Irin wannan danƙo yakan kama fenti fiye da yadda ake zato, wani lokaci ma ya bar tabon maiƙo a bango mai shan ruwa, don haka tayil, gilashi da ƙarfe sun fi dacewa da shi. Idan za a adana shi, a mayar masa da ledar da ya zo da ita, ko a rufe fuskarsa da wata leda mai tsabta, a sa shi inda rana ba ta kaiwa.