Yadda Ake Gane Tsohuwar Bindigar Ingila da Yadda Ake Adana Ta

A gidajen sarauta da na mafarauta a ƙauyukan Kano da Jigawa, akan tarar da tsohuwar bindiga mai ƙyastu jingine a lungun ɗaki, an gaje ta kaka da kakanni, tsatsa ta rufe ta. Kafin a yi mata komai, wajibi ne a tabbatar babu ɗuri a cikinta, domin albarushi yakan daɗe ƙwarai bai mutu ba. A juya bakinta inda babu kowa, a zura siririyar sanda har ta tsaya, a yi mata alama daidai bakin, sannan a fitar da ita a jera ta da bututun ta waje. Idan ƙarshen sandar bai kai ƙaramar kafar da wuta ke shiga ba, to akwai ɗuri, kuma cire shi aikin maƙerin bindiga ne. Kada a kusantar da ita da wuta, kada kuma a gwada harba ta.

Daga nan sai a duba faifan ƙarfen da ke gefen dama, inda kunamar ke riƙe da ƙanƙara, wato dutsen ƙyastu. Bindigar sojan Ingila da ake kira Brown Bess tana ɗauke da hoton kambi da haruffan GR, wato alamar Sarki George, kuma galibi da kalmar TOWER. Tsawon bututun yana nuna zamaninta: samfurin farko na 1722 inci 46 ne, wanda ya biyo baya inci 42, wanda ake kira samfurin Indiya kuwa, wanda aka yi yaƙin Waterloo da shi a 1815, inci 39. Faɗin bakin ya kai kashi uku cikin huɗu na inci.

A nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Masana'antun Birmingham da na Liège a Beljiyam sun ƙera ɗimbin bindigogi masu arha don cinikin Afirka ta Yamma, wasunsu ma an buga musu TOWER, sannan maƙeranmu sukan ɗauki kunamar Turai su ɗora ta a kan bututu da ƙotar da suka yi da kansu. Saboda haka alama ɗaya ba ta isa hujja ba. Sai an ga tagulla mai kauri a gindi da kewayen kunama, da tambarin gwaji, wato alamar an gwada ƙarfin bututun, a tushensa. A ganina, wadda maƙerin gida ya gyara ma abar adanawa ce.

Babbar ɓarna ita ce gogewa da yashi ko toka har ƙarfen ya yi fari, domin tare da tsatsar ake kankare rubutun. A shafa man keken ɗinki kaɗan da tsumma mai laushi, a bar shi ya kwana, a share. Kada a sa man gyaɗa, saboda yana daskarewa ya kama ƙura. A rataye ta nesa da ƙasa da bangon laka don gudun gara da danshin damina, a kuma kawar da ita daga rana lokacin hunturu, kada ƙotar ta tsage.

Doka ta buƙaci lasisi daga 'yan sanda ko da bindigar ta gargajiya ce, kuma ba a fitar da kayan tarihi daga Najeriya sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Mai son ƙarin tabbaci sai ya ɗauki hotunan alamomin, ya nuna wa ma'aikatan gidan tarihi na Gidan Makama a Kano.