Yadda za ku gane hannu da idon da yaro mai wahalar karatu ya fi dogara da su

Iyaye da yawa a Maradi kan ɗora laifi a kan bahagwanci idan yaro ya kasa karatu a lakkwal, shi ya sa ya kamata a duba a tsanake. Ku ajiye alli a tsakiyar tabarma sau da yawa, ku lura da hannun da yake miƙawa ba tare da kun yi masa magana ba. Daga nan ku huda takarda, ya riƙe ta da hannu biyu ya hango ƙofar gida ta cikin hudar, sannan ya jawo ta a hankali zuwa fuskarsa. Idon da ta nufa shi ne rinjayayye.

Idan hannun dama ne amma idon hagu, kada hankalinku ya tashi. A 1925 likita Samuel Orton na Amurka ya danganta matsalar karatu da rashin rinjayen ɓangare ɗaya na ƙwaƙwalwa, amma binciken baya ya fi nuna cewa wahalar tana wajen haɗa harafi da sautinsa. Don Allah kada a tilasta wa bahago sauya hannu. A kai shi likita a auna ganinsa da jinsa, kuma a riƙa rarraba masa kalmomi gaɓa-gaɓa kullum, kamar "ta-bar-ma", yana tafawa.