Darasi na Tara: Yadda Ake Auna Tafiyar Kogin Ƙanƙara Daga Sama

Ƙanƙarar da muka sani a ƙauyukan Kano da Jigawa ita ce wadda ke zubowa tare da ruwan sama ta yayyaga ganyen masara. A ƙasashen sanyi da kan dogayen duwatsu kuwa, dusar ƙanƙara tana taruwa shekara da shekaru har ta dunƙule, nauyinta ya sa ta riƙa gangarowa a hankali, kamar kunu mai kauri da aka zuba a tire aka ɗan karkata shi. Wannan shi ake kira kogin ƙanƙara, kuma da yawansu ba sa cin mita ɗaya a yini, saboda haka ido ba ya ganin motsinsu.

Wanda ya taɓa kafa turke a bakin kogin Haɗeja domin ya ga inda ruwa ya kai bayan kwana biyu, ya riga ya san dabarar. Tauraron ɗan'adam na Amurka mai suna Landsat, wanda aka harba na farkonsa a 1972, yana komawa kan wuri guda duk bayan kwana 16 ya ɗauki hoto. Kwamfuta takan nemi wata alama a saman ƙanƙarar, kamar tsaga ko tarin duwatsu, ta sake nemo ta a hoto na biyu, sannan ta gwada da dutsen da ke gefe, domin shi ne turken da ba ya motsi. Idan tsagar ta matsa mita 48, sai a raba da kwana 16, a sami mita 3 a yini. Girgije yakan rufe hoton, shi ya sa ake haɗawa da tauraron Turai Sentinel-1 na 2014, wanda na'urarsa ta rada (mai aika igiyoyin rediyo ƙasa ta karɓi waɗanda suka dawo) ke gani ko da hadari, ko da dare.

Abin da ya fi damun masana shi ne zabura. Wasu kogunan sukan yi shekaru kamar suna barci, ruwan narkewa yana taruwa a ƙarƙashinsu ya rasa mafita, har ƙanƙarar ta fara sulɓi kamar mota a kan laka. A 1953 kogin Kutiah na Pakistan ya ci kusan kilomita 12 cikin wata uku. Na Shisper, shi ma a can, ya zabura a 2018 ya tare hanyar wani rafi har tafki ya taru, kuma a watan Mayun 2022 ruwan ya ɓalle ya karya gadar Hassanabad. Manoman da ke ƙasa da madatsar Tiga ba sa bukatar a gaya musu amfanin sanarwa kafin ruwa ya iso.

Aiki: An ɗauki hotuna biyu, tsakaninsu kwana 12, aka ga tsaga ta matsa mita 360. Mita nawa ke nan a yini? Ninki nawa ya fi misalin da ke sama?